Shin mai shafa nayasinamaid bilicin take yi?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya a gidan biki ƙanwar mijina ta dube ni a gaban jama'a ta ce na fara bilicin, kuma har yanzu maganar tana ci mini rai. Wata uku ke nan ina shafa nayasinamaid mai kashi 5 cikin ɗari saboda baƙin tabon da ƙuraje suka bar mini a kumatu, tabon ya dushe, maiƙo ya ragu, fuskata ta yi haske. Bitamin B3 ne fa, dangin wanda ke cikin gyaɗa da hanta da kifi.

Wata Hajiya: Wa alaikumus salam. 'Yata, da bakinki kika ce kin yi haske, kuma duk waɗanda muka gani fatarsu ta ƙone da wannan kalmar suka fara.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, a gafarce ni, haske iri biyu ne. Man bilicin, wanda ake zuba wa sinadarin haidurokwinon ko zaiba, yana hana fata ƙera launinta, wanda ake zuba wa maganin sitiroyid kuma yana sirantar da ita har jijiyoyi su bayyana, shi ya sa hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Nayasinamaid ba ya hana ƙera launin, yana dai rage yawan wanda ke wucewa zuwa saman fata, sai tabo ya dawo kusa da kalar sauran jiki. Rashin wannan bitamin ne ma ke kawo cutar felagira, wadda ke sa fata ta yi baƙi ta tsattsage a inda rana ke bugu.

Hajiya: To ai kin ce yana rage launi. Ragewa kaɗan da ragewa da yawa duk sunansu ragewa.

Mai sayar da kayan kwalliya: Ni dai shekara da shekaru ina haɗa wa amare mai, ba wadda ta taɓa dawo mini da kuka. Haske ba laifi ba ne, gyara ne.

Ma'aikaciyar jinya: Anti, haɗin da ake ɗurawa a kwalba babu takarda shi ne ya ɓata sunan maganin. A rubuta nayasinamaid a jikin kwalbar, amarya ta koma fara cikin sati biyu, alhali na gaskiya sai ya kwashe makonni kafin a ga ko dushewar tabo.

Mai sayar da kayan kwalliya: Ki fito fili ki ce da ni kike. Ku ma'aikatan asibiti kun raina sana'ar kowa.

Wata malamar Islamiyya: Ku yi haƙuri da juna. Abin dubawa shi ne niyya, domin mai maganin tabo magani take yi, wadda kuwa ke ƙin launin da Allah Ya ba ta, wannan wata magana ce daban.

Hajiya: Malama, niyya a zuci take, haske kuwa a fuska ake ganinsa.

Mai buɗe zance: Ni tabo na ce ya dushe. Har yanzu ba wadda ta ce mini ko ƙanwar mijina ta kyauta.

Shugabar zaure: Zan rufe zancen a nan. Abin da na fahimta shi ne, yawancinmu mun yarda da Hajiya cewa duk man da aka ambaci haske a kansa abin gudu ne, ko da an kira shi bitamin. Ma'aikaciyar jinya ita ma ta tabbatar yana rage launi. Ƙanwata mai buɗe zance, ki ajiye kwalbar, ki koma ga man kaɗanya da iyayenmu suka shafa, sannan ki je ki sasanta da ƙanwar mijinki.