Kufan Sarayebo: gasar Olamfik ce ta jawo shi, ko yaƙi?

Auwal Gwammaja: Salamu alaikum jama'a. Kun ga hotunan nan da ke ta yawo na wuraren da aka yi gasar Olamfik ta hunturu a Sarayebo, babban birnin Bosniya, a 1984, lokacin tana cikin ƙasar Yugoslabiya? Hanyar simintin da amalanken ƙanƙara ke bi a dutsen Tirebebic, daji ya cinye ta, yara sun cika ta da zanen fenti. Wurin tsallen masu zamiyar kan dusar ƙanƙara a dutsen Igman ya zama kufai, otal ɗin wajen kuma kango. Matsayata ita ce, duk ƙasar da ta fasa dutse ta yi gini saboda baƙin kwana 12, asara ta saya da kuɗinta. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Auwal, ka ga kango ka yanke hukunci, ba ka tambayi wanda ya rushe shi ba. Shekara 8 bayan gasar Yugoslabiya ta wargaje, yaƙin Bosniya ya ɓarke a 1992. An yi wa Sarayebo ƙawanya daga Afrilun 1992 har Fabrairun 1996, kwana 1,425. Ita wannan hanyar siminti da kake magana, sojojin Sabiyawan Bosniya ne suka mai da ita mafaka suna luguden wuta a kan birnin daga sama. Igman kuwa fagen daga ne, an bar shi da nakiyoyi a binne. Babban zauren Zetra da aka rufe gasar a cikinsa ya sha bama-bamai, har katakon kujerunsa aka riƙa cirewa ana yin akwatin gawa. To ina laifin gasa a nan?

Auwal Gwammaja: Malam, yaƙi ya ƙare shekara kusan 30 ke nan. Me ya hana a gyara?

Hadiza Sule: An gyara mana, Yaya Auwal, masu yaɗa hotunan ne ba sa nuna maka. Duwatsu huɗu aka yi gasar a kansu, kai biyu ka ambata. Biyelashnitsa, inda maza suka yi tseren gangarowa a kan dusar ƙanƙara, da Yahorina, inda mata suka yi nasu, dukansu suna aiki har gobe. Duk hunturu mutane na cika su daga Sabiya da Kuroshiya da sauran maƙwabta, don sun fi duwatsun Ostiriya da Suwizalan araha nesa ba kusa ba. An sake gina Zetra a 1999. Motar da ke ratayuwa a igiyar ƙarfe tana hawa da mutane Tirebebic, wadda aka fara buɗewa a 1959 yaƙi ya lalata ta, ita ma ta dawo aiki a Afrilun 2018.

Ɗan Asabe: Ni tambayata daban ce. Su waye ma ke kallon wannan wasa? Mutum ya ɗaura katako a ƙafa ya faɗo daga kan dutse, a ce masa gwani.

Hadiza Sule: Ƙasashe 49 ne suka je waccan gasar, Ɗan Asabe, har da Sanigal. Lamine Guèye shi ne baƙar fatan Afirka na farko da ya shiga gasar zamiyar kan dusar ƙanƙara a Olamfik, kuma a Sarayebo ya yi. Saura kai.

Ɗan Asabe: A'a, ni sanyin Jos ma ya ishe ni.

Auwal Gwammaja: Ku dawo kan magana. Hadiza, kin san yadda aka yi Biyelashnitsa ta cancanci karɓar tseren maza? Doka ta ce dole tazarar da ke tsakanin wurin farawa da wurin ƙarewa ta kai mita 800 a tsaye. Dutsen tsayinsa mita 2,067, amma hanyar ta gaza kaɗan. Sai suka gina gidan abinci a ƙololuwa, suka sa ƙofar farawa a saman benen, 'yan wasa suka riƙa zamowa daga cikin gini. Wannan ba ƙarfin hali ba ne? Dutse bai kai ba an yi masa ƙari da siminti don a burge baƙi.

Malam Habibu: Ni dabara na gani. Da ɗan gini ɗaya suka cike gibin da wasu za su kashe dukiya a kai. Kuma ka tuna yadda wurin yake kafin 1978, lokacin da Sarayebo ta doke Sapporo ta Japan da ƙuri'a 39 da 36 a zaɓen wanda zai karɓi gasar. Yahorina tana da masu zamiyarta tun da can, amma Biyelashnitsa ba ta da wani abin kirki ban da tashar duba yanayi a ƙololuwa da ƙauyukan makiyaya irin su Lukomir. Titi da wuta da na'urorin hawa da mutane duk albarkacin gasar ne. A cikin gari kuma an gyara filin jirgi, an gina otal-otal, kuma gidajen da aka sauki 'yan wasa da 'yan jarida a Mojmilo da Dobrinja mutanen gari ne suka tare a ciki daga baya. Da aka rufe lissafi ma riba aka samu, saboda kuɗin da gidan talbijin na ABC na Amurka ya biya na nuna wasannin.

Hajiya Bilki: Malam, akwai abin da ba ya shiga littafin lissafi. Har yau in ka shiga kasuwar Sarayebo za ka tarar da Vučko, ɗan kyarkecin da aka yi wa gasar alama, a jikin riguna da kofuna. A Biyelashnitsa ne Jure Franko ya ci lambar azurfa, ta farko da Yugoslabiya ta taɓa samu a gasar hunturu, jama'a suka riƙa cewa sun fi son sa da burek, gashin fulawa da naman da suke ji da shi. Shi ɗan Sulobeniya ne, masu yi masa kirari kuwa Musulmi da Sabiyawa da Kuroshiyawa ne a tsaye wuri ɗaya. Wanda ya ga abin da ya biyo baya ba zai kira waɗannan kwanakin asara ba.

Auwal Gwammaja: Hajiya, da girmanki, amma ai kin ƙarfafa ni ne. Haɗin kan da ya kasa kai shekara 10 ina amfaninsa? Yau Yahorina tana ɓangaren Sabiyawa, Biyelashnitsa tana ɓangaren tarayyar Musulmi da Kuroshiyawa, tun yarjejeniyar Dayton ta 1995 da ta kawo ƙarshen yaƙin. Kowa da hukumarsa, kowa da tikitinsa.

Hajiya Bilki: Haka ne, ƙanena. Amma a Fabrairun 2019 ɓangarorin biyu sun haɗu sun karɓi gasar matasan Turai ta hunturu, Sarayebo da Sarayebo ta Gabas, wadda ke ɓangaren Sabiyawa, tare. Ka nemo mini abubuwa nawa 'yan siyasar ƙasar nan suka taɓa yarda su yi tare.

Injiniya Mustafa: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Kuna cakuɗa abu biyu. Gangaren zamiya daban, hanyar amalanke da wurin tsalle daban. Gangare kowa na iya hawa, yaro da babba, mai koyo da gwani, ya biya kuɗi ya kwana a otal ya ci abinci. Shi ya sa Biyelashnitsa da Yahorina suka farfaɗo. Hanyar amalanken ƙanƙara kuwa sai an bi ta da bututun sanyaya ta daga sama har ƙasa, kuma masu amfani da ita a duniya 'yan tsiraru ne. Ba mai zuwa hutu da iyalinsa ya ce zai yi tsallen mita 90. Saboda haka Auwal yana da gaskiya a rabi, sai dai ya ɗauko misalin da bai dace ba. Ga wanda ya dace: Italiya ta gina irin wannan hanya a Cesana saboda gasar Turin ta 2006, babu yaƙi babu harsashi, ba ta wuce shekara 6 ba aka rufe ta don kuɗin kula da ita ya gagara. Wuraren tsalle na Pragelato su ma haka suka zauna. Da aka zo gasar 2026, kwamitin Olamfik da kansa ya so a yi amfani da hanyar da ke akwai a wata ƙasa maƙwabciya, Italiya ta ƙi, ta gina sabuwa a Cortina.

Auwal Gwammaja: Yauwa Injiniya! Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Injiniya Mustafa: Kar ka yi saurin murna. Ka ce duk ƙasar da ta karɓa ta yi asara, ni kuwa ban ce haka ba.

Malam Habibu: Kuma ko kufan ma bai zauna a banza ba. Masu yawon buɗe ido na hawa Tirebebic musamman don su taka hanyar simintin nan su ɗauki hoto, wato irin hoton da ya tayar da wannan muhawara. Da bazara kuma Larabawan yankin Gulf ne ke cika gefen Biyelashnitsa, suna gudun zafin ƙasashensu, ga masallatai ga abincin halal.

Hadiza Sule: Ni abin da ya fi damuna ba ku taɓo shi ba. Ko a 1984 sai da hankalin masu shiri ya tashi don dusar ta ƙi sauka, sai daf da buɗewa ta zubo, ta yi yawa har aka yi ta ɗage tseren maza kafin Bill Johnson na Amurka ya cinye. Yanzu kuwa hunturu sai ƙara ɗumi yake. A farkon Janairun 2023 gangaren duwatsun Bosniya ciyawa ce da laka, a lokacin da ya kamata a ce kasuwa ta fi ci. Waɗannan duwatsu ba su da tsayin na Alps, wato irin na Ostiriya da Suwizalan, ƙololuwar Yahorina mita 1,916 ce kawai.

Ɗan Asabe: To ba akwai injin yin dusar ba? Na ga ana fesa ta kamar maganin feshi.

Injiniya Mustafa: Akwai, Yahorina ma har tafki aka haƙa mata a sama don tara ruwan da injinan ke sha. Amma injin ba firji ba ne. Ruwa yake fesawa ƙanana-ƙanana, iskar waje ce ke daskarar da shi kafin ya sauka. In sanyi bai sauka ƙasa da sifili ba, ka kunna injin ɗari, ban ruwa kawai kake yi wa ciyawa, ga kuɗin wuta yana hawa.

Auwal Gwammaja: To Malam Habibu, wannan kuma ba za ka ɗora wa yaƙi ba.

Malam Habibu: Ba zan ɗora masa ba. Kai ma ba za ka ɗora wa gasar 1984 ba.