Tsofaffin siginonin layin dogo tsakanin Bauchi da Gombe: wa ya san inda suka rage?

Mai Hoto Herwagana ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga duk wanda ya taɓa aikin reluwe, ko mahaifinsa ya yi, ko kuma yake zaune kusa da layin dogo tsakanin Bauchi, Gombe da Bajoga.

Sana'ata ɗaukar hoto a nan Gombe, na biki da suna da fasfo. Amma abin da raina ke so tun ina yaro shi ne jirgin ƙasa. Yanzu da jirgin ya daina zuwa mana, abin da ya rage na kallo shi ne kayan da ya bari, kuma a cikinsu ba abin da ya kama zuciyata kamar tsofaffin siginonin nan masu hannu.

A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda shi ne namu. Daga kudu aka faro, har jirgi ya koma aiki tsakanin Fatakwal da Aba a 2024. Ko ba daɗe ko ba jima aikin zai hauro nan. Wanda ya hau jirgin Abuja zuwa Kaduna ya ga irin siginar zamani, fitilun lantarki ne kawai a kan sanda. Ba na jin mai gyara zai bar waya da hannun ƙarfe da fitilar kananzir. Kafin ma a kai ga nan, masu sayen tsohon ƙarfe ba sa barci. Shi ya sa nake so in bi su ɗaya bayan ɗaya in ɗauka tun suna tsaye.

Wadda na fi ɗauka doguwar sanda ce ta ƙarfe mai tsani a jiki, da ɗan wurin tsayuwa a sama. Hannun yana nan a miƙe, jan fentin ya koɗe amma ana ganin farin zanen da ya ratsa shi kusa da ƙarshe. A gindin hannun akwai ramuka biyu na gilashi. Ɗaya babu komai, ɗayan da sauran ɓallin gilashi maƙale a gefe, kuma da na matso da hoton sai na ga shuɗi ne. Na san ja tsayawa ne, kore wucewa. To shuɗi na mene ne? Sannan a ƙasa akwai wani ƙarfe mai nauyi a kan hannu, da 'yan ƙananan ƙafafu a jere a gefen layi waɗanda da alama waya ce ke bi ta kansu. Ina so in san aikin kowanne, don hoton da mai shi bai san abin da ya ɗauka ba bai cika hoto ba. Kuma don Allah wanda ya san tashar da har yanzu siginarta ke tsaye da gilashinta, ya faɗa mini.

Tsohon Ɗan Reluwe ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa. Allah ya yi maka albarka da ka tuna da waɗannan kaya.

Gilashin da ka gani ba kuskure ba ne. Da daddare direba ba ya ganin hannu, fitila yake gani. Fitilar tana zaune a bayan gilasan nan biyu, ta kananzir ce mai lagwani, kuma harshen wutar kananzir rawaya ne. In ka sa masa koren gilashi sosai, hasken yakan fito wani iri, daga nesa ba a rarrabe shi da kyau. Sai aka yi gilashin ya karkata zuwa shuɗi, in hasken rawaya ya ratsa shi ya fito kore tsaf. Hannun da gilasan a haɗe suke, in hannu ya motsa, jan gilashi ya kauce daga gaban fitila, shuɗin ya zo. Akwai mai fitila, aikinsa ke nan, ya hau tsanin nan da ka gani, ya goge gilashi, ya datse lagwani, ya zuba kananzir. Damina da hunturu duk ɗaya ne a wurinsa.

Hannu a miƙe, a kwance sosai, tsaya ke nan. In ya karkata, hanya ta buɗe. Iri biyu ne a duniya, akwai mai sunkuyawa ƙasa akwai mai ɗagawa sama, ka duba taka ka gani. Wanda ke karkatar da shi yana can tasha, ya ja dogon hannun ƙarfe da ƙarfinsa, waya ta bi ta kan ƙafafun nan har gindin sigina. Wayar ma sai da lura, don zafin rana yana sa ta saki, sanyin asuba na hunturu ya ɗaure ta, dole a riƙa daidaita ta.

Nauyin nan kuwa shi ne hikimar abin gaba ɗaya. In waya ta tsinke, ko wani ya yanke ta, nauyin zai mai da hannu ya miƙe, wato tsaya. Ba yadda za a yi lalacewa ta ce wa jirgi wuce. Haka aka koya mana, in sigina ta rikice ko fitila ta mutu, direba ya ɗauka ja ce.

Wani abin da ba za ka gani a kan sanda ba, ka nema a cikin ofishin tasha. Layinmu ƙwaya ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa a kansa suke bi, ba sa wuce juna sai a tasha. Don haka sigina kaɗai ba ta isa ba. Akwai na'ura a wannan tasha da irinta a ta gaba, waya ta haɗa su. Sai shugaban tashar gaba ya yarda sannan na nan zai iya zare sandar izini ya miƙa wa direba, kuma muddin sandar nan tana waje, ba a iya zare wata ta wannan tsakanin, ko daga nan ko daga can. Direba ba ya tashi ba ta hannunsa. In ka sami wannan na'ura ko da ta mutu, ka ɗauke ta ta kowane gefe. Ta fi siginar wuyar samu.

Malamin Tarihi, Bauchi, ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da kuka faɗa ba a samunsa a aji.

Malam mai hoto, ga abin da zai taimaka maka wajen rubutun da za ka sa a ƙarƙashin hotunan. Mutane da yawa in sun ga kayan reluwe sai su ce na zamanin Turawa ne. A Zariya ko Kano ko Kafanchan hakan na iya zama daidai, don dogo ya isa Kano tun 1911, Kafanchan da Jos kuma ta layin gabas a 1927. Namu daban ne. A 1958 aka fara shimfiɗa shi daga Kuru, kudu da Jos, lokacin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista, shi da ya riƙe ma'aikatar sufuri kafin nan. A shekarar ce Bankin Duniya ya ba da bashin dala miliyan 28 don harkar jirgin ƙasa, bashinsa na farko ga Nijeriya. Dogo ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, tafiyar sama da kilomita 600. Ke nan duk tashar da za ka taka tsakanin nan da Bajoga bayan samun 'yancin kai aka buɗe ta. Tsarin siginar na Ingila ne, amma iyayenmu ne suka fara jan wayar tun ranar farko. Ni wannan ya fi sa ni ganin namu ne.

Kuma in kana bincike za ka ci karo da wani ƙaramin layi da Turawa suka sa wa sunan Bauchi. Kada ya ruɗe ka. Wancan daga Zariya ya tashi zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, lokacin ƙasar Jos tana lardin Bauchi, bai taɓa shigowa garin Bauchi ba, an kuma rufe shi a 1957.

Ka auna faɗin layin ma ka ɗauka da awon a jiki. Milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna kuwa 1,435. Yaran da nake koyarwa ba su taɓa ganin jirgi yana tafiya a garinsu ba, irin wannan hoton zai yi mini amfani ƙwarai.

Abu Sadik na Tudun Hatsi ya amsa:

Ni dai ɗan'uwa ku yi haƙuri, ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Hatsi nake saye ina turawa kudu, na san abin da kuɗin mota ke ci a kan kowane buhu. Auduga da gyaɗa suka kawo jirgin nan Gombe, har yau muna da unguwar da ake kira BCGA da sunan kamfanin auduga. Abin da muke buƙata tarago ne ya ɗauki masara da wake da siminti, titi ya huta. In sabon aiki zai zo, su tuge duk wani tsohon ƙarfe gobe, ba zan yi kuka ba. Ƙarfin da za a sa wajen hoton tsatsa gara a sa shi wajen kiran a kawo jirgin.

Mai Hoto Herwagana ya amsa:

Alhaji, wallahi ba wanda ya kai ni son ya ji kukan jirgi ya shigo Gombe. Ban ce a bar sigina a hana gyara ba, kuma fitilar lantarki da ke aiki ta fi hannun ƙarfen da ba mai ja. Amma kiran a kawo jirgi na mutum dubu ne, kowa yana yi, ni ma ina ciki. Ɗaukar hoton nan kuwa in ban yi ba ban ga mai yi ba, kuma ranar da aka tuge shi ke nan. Dubi abin da Baba ya faɗa kan nauyin nan. Mutanen da ba su da lantarki a daji suka yi dabarar da in ta lalace sai ta tsai da jirgi. Ina so jikokinmu su ga wannan da idonsu. A Legas akwai wani tsohon gidan reluwe a Ebute Metta, Jaekel House, da aka mai da wurin ajiye kayan tarihin jirgin ƙasa. Mu a duk arewa maso gabas ko sigina ɗaya aka ware aka yi mata fenti aka bar ta a gaban tasha, ai an yi wani abu.

Maman Hanifa, Bajoga, ta amsa:

Ƙanina, mijina ya yi aikin duba layi, ni kuma a gidajen reluwe na fara zaman aure, don haka ga 'yar shawara.

Kada ka shiga harabar tasha da kyamara ba ka gai da kowa ba. Ka fara zuwa wurin shugaban tasha ko mai gadi, ka faɗi sunanka da abin da ya kawo ka, ka nuna musu hotunan da ka riga ka ɗauka. Saboda satar ƙarfen dogo, duk baƙon da aka gani yana leƙe-leƙe a kan layi zargi ake yi masa, kuma suna da gaskiya. A ƙananan tashoshin daji ka biya ta wurin mai unguwa ya haɗa ka da yaro.

Kada ka hau tsanin. Tsatsa ta ci gindinsa ko da ka ga sama lafiya, zuma da rina kuma suna son akwatin fitilar. Ka sa takalmi rufaffe saboda maciji a cikin ciyawa. Ka bari sai kaka ta wuce an ƙone ciyawar gefen layi, lokacin ƙafafun wayar da Baba ya faɗa za su fito fili. In kana son wuce Bajoga ka nufi wajen Buni Yadi, sai ka tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki a ranar, kada ka tafi da ka.

Ka duba jikin ƙarfen da kyau, galibi akwai sunan kamfanin da ya ƙera a zube a jiki, a gefen dogon ma akan sami shekara. Ka shafa alli a kai rubutun zai fito. Kuma kowane hoto ka rubuta tashar da ranar, da ko siginar ta gefen Bauchi ce ko ta gefen Maiduguri. Maigidan ya ce in ka zo Bajoga ka neme shi, zai zaga da kai inda ya sani.

Mai Hoto Herwagana ya amsa:

Na gode Yaya, Allah ya saka da alheri, a gai da maigidan. Dabarar allin nan zan gwada ta. Malam, zan turo maka hoton faɗin layin da zarar na auna.

Baba, ina roƙon alfarma. In jikanku zai turo mini saƙo ta akwatin sirri, ina so in zo gaishe ku da hotunan a buge a takarda, ku nuna mini sunan kowane ƙarfe yadda kuke kiransa a bakin aiki, in naɗi muryarku in kun yarda. Har yanzu kuma ina cigiyar abu biyu: tashar da siginarta ke da gilashi biyu cikakku, da wanda ke da tsohuwar fitilar sigina a ajiye a gida. Ba saye zan yi ba, aro nake so na dare ɗaya, in zuba mata kananzir in ɗauki hasken ta cikin shuɗin gilashin.