Za su rushe gidaje 4 su gina bene mai hawa 5 a bayanmu, ta ina za mu fara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Ingila muke, wata unguwa ta bayan gari mai tsofaffin gidaje da manyan itatuwa. Jiya wasiƙa ta iso daga ƙaramar hukuma: wani kamfani ya sayi gidaje 4 da ke bayanmu, yana neman izinin rushe su ya gina bene mai hawa 5, fulat 38, da wurin motoci 19 kawai. Akwai manyan itatuwa 3 a kan iyakarmu da su. Hankalin maƙwabta ya tashi, har an fara zagayawa da takardar sa hannu, wasu na cewa darajar gidajenmu za ta faɗi. An ba mu kwana 21 mu shigar da ƙorafi. Ni abin da ya fi damuna shi ne hasken falona da itatuwan nan. Don Allah masu sani ku haska mana.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Hajiya. Fara da cire maganar darajar gida daga wasiƙarki gaba ɗaya. Jami'in tsara gari ba ya duba ta, haka ma cewa an tare muku kallon waje, ko rikicin iyaka, ko halin mai kamfanin. Abin da yake aunawa shi ne raguwar haske, leƙen cikin gida, hatsarin hanya, itatuwa, magudanar ruwa, girman gini in an kwatanta da na kewaye, da kuma abin da kundin tsarin gari na ƙaramar hukumarku ya tanada. Nemo kundin nan, ki fitar da lambar kowace manufa da ginin ya saɓa, ki rubuta ta a wasiƙa. Wasiƙar da ta ce an taka manufa lamba kaza, ga awo, ta fi guda hamsin masu cewa ba ma so.

Takardar sa hannu ba laifi ba ce, amma kada ku jingina da ita. Sau da yawa ƙorafi ɗaya ake ƙirga ta, kuma wasiƙu masu kalmomi iri ɗaya ba su da nauyi. Kowane gida ya rubuta abin da ya shafe shi, da lambar buƙatar kamfanin a sama. Ki sani ana yawan wallafa ƙorafe-ƙorafen kowa ya karanta, don haka a tauna magana. Tunda fulat ɗin sun haura 10, babban aiki ne, wa'adin hukunci mako 13. Yau ɗin nan ki tuntuɓi kansilan mazaɓarku ya nemi a kai batun gaban kwamitin tsara gari na kansiloli, domin wannan damar ma tana da nata wa'adin, kuma gajere ne.

Amsa ta biyu:
Batun haske da awo ake cin sa, 'yar'uwa. Ƙa'idar da yawancin ƙananan hukumomi ke bi ita ce ta BRE, cibiyar binciken gine-gine. Ki tsaya a tsakiyar tagar falonki ta ƙasa, ki ɗauka an ja layi ya tashi sama da digiri 25. In ginin ya ƙetare layin, sai an yi cikakken lissafi. Ga hanya mai sauƙi: kowace mita 10 ta nisa tana ba da izinin tsawo kimanin mita 4.7 sama da tsakiyar tagar. Bene mai hawa 5 zai kai wajen mita 15, kenan in an cire tsawon da ke ƙasa da tsakiyar tagar, yana buƙatar nisan kusan mita 29. Ɗauki rula ki auna a zanen da suka miƙa, ki lura da sikelin da ke gefen takardar, kada ki auna a allon waya.

Sannan ki buɗe rahoton hasken da kamfanin ya haɗa. Ana ɗaukar an cutar da taga in rabonta na sararin sama ya sauka ƙasa da kashi 27 cikin 100, kuma ya gaza 0.8 na yadda yake a da. Lambu kuwa, ya kamata rabinsa ya samu rana ta awa 2 a ranar 21 ga Maris. Inda rahotannin nan suke yawan tuntuɓe: a tsallake wata taga, a kira ɗakin da ake zama a ciki banɗaki ko sito don a cire shi daga lissafi, ko a manta filin makwabta ya fi naku tudu. Bambancin tudu na mita ɗaya ma yana sauya sakamako. Ɗauki hoton tagar daga ciki da waje ki haɗa. Don leƙe kuma, wurare da dama suna neman mita 21 tsakanin tagogi masu kallon juna, wasu suna ƙarawa in hawa ya ƙaru, sai ki duba adadin naku. Baranda ta fi taga cutarwa, a nan mutum ke zama ya daɗe.

Amsa ta uku:
Hajiya, itatuwan sun fi komai gaggawa. In babu umarnin kariya na TPO a kansu, kuma unguwar ba ta cikin yankin da aka keɓe don adanawa, mai fili yana iya sare su gobe da safe kafin a ce komai. Rubuta wa jami'in itatuwa yanzu, da hotunan da aka ɗauka daga titi, don ganin jama'a shi ne hujja. Umarnin yana iya fara aiki nan take, na wucin gadi har wata 6.

Auna kewayen gangar itacen a tsayin mita 1.5, ki raba da 3.14, ki ninka da 12. Kewayen santimita 190 zai ba ki kaurin 60, wato da'irar mita 7.2 daga gindi wadda BS 5837 na 2012, ma'aunin kare itatuwa a wurin gini, ya ce a kare. Dalili kuwa, yawancin saiwoyi suna cikin santimita 60 na saman ƙasa. Ramin bututu ɗaya, ko babbar mota ta danne ƙasar, ko a wanke injin siminti a gindi, ya isa. Itacen ba ya faɗuwa a lokacin, sai bayan shekaru ki ga ganyen samansa ya fara ƙanƙancewa, rassa na bushewa daga ƙarshe, lokacin magina sun daɗe da tafiya. Ɗora zanen magudanar ruwa a kan zanen itatuwa ki gani, sau da yawa kowanne shi kaɗai yana da kyau, sai an haɗa su ake ganin bututu ya ratsa saiwa. Kuma ki sani TPO ba ya hana sarewa in izinin ginin da kansa ya amince da ita.

Amsa ta huɗu:
Gaskiya ɗaya zan faɗa, ku yi haƙuri. Ingila na fama da ƙarancin gidaje, gwamnatin da ta hau a 2024 ta sa burin gida miliyan 1.5, kuma NPPF, kundin manufofin tsara gari na ƙasa, yana karkata ga amincewa in ƙaramar hukuma ba ta da filin ginin shekara 5 a ajiye. Masu neman fulat ɗin nan 'ya'yan wasu ne, kamar namu. In kun tsaya kan kada a gina komai, ko kwamiti ya ƙi, kamfani yana da wata 6 ya ɗaukaka ƙara wurin sufeton tsara gari na gwamnati, kuma ana iya ɗora wa ƙaramar hukuma kuɗin shari'a in ƙin bai da tushe. Ku kuma ba ku da ɗaukaka ƙara, sai dai Babbar Kotu cikin mako 6, ita ma hanyar da aka bi take dubawa.

Ku nemi abin da za a iya rubutawa a zane: hawa 3 ta ɓangarenku, hawa na sama ya ja baya, barandu su juya titi, gilashin da ba a gani ta cikinsa har tsayin mita 1.7, shingen kare saiwa kafin mota ta farko ta shiga, da tsarin lokutan aiki. Kuɗin makaranta ko gyaran mahaɗar hanya ta yarjejeniyar Sashe na 106 tsakanin kamfani da ƙaramar hukuma ake ɗaure su.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na auna, nisan mita 19 ne kacal. To motoci fa? Titinmu a cike yake tun yanzu.

Amsa ta farko:
Mita 19 hujja ce mai ƙarfi Hajiya, ita za ki sa a sakin farko. Motoci sun fi wuya, don ba a ƙin gini saboda hanya sai hatsarin ya wuce misali ko cunkoson ya yi tsanani. Ku ƙirga motocin titin da tsakar dare a ranaku 2 na aiki, ba lokacin hutun makarantu ba, ku rubuta kwanan wata da sa'a, ku kwatanta da ƙidayar kamfanin. In an kai kwamiti, minti 3 aka saba bai wa mai magana, sai ku zaɓi mutum ɗaya ya ɗauki haske da itatuwa kawai.