Neman kalma: me za mu kira ƙoton da kifi ba ya iya ci?

Mai tambaya, daga Gombe:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta wa matasan unguwarmu taƙaitaccen bayani a kan kayan fatsa na zamani, saboda da yawansu sun fara sayensu suna tafiya madatsar ruwa ta Dadin Kowa ranakun hutu, kuma yawancin kalmomin ba su ba ni wahala ba. Abin da ake riƙewa na kira shi sandar fatsa, domin ko da yake yanzu ba gora ba ce, aikinta bai sauya ba. Abin da ke naɗe zare a gindinta na kira shi kwarkwaro, aro daga masaƙa da teloli, maɓallin da ke sassauta zare idan kifi ya fizga kuwa na ce birki. Inda na cije shi ne abin da Turawa suke kira "lure", wato ɗan abin nan da ake ƙerawa da siffar ƙaramin kifi ko cokali ko tana, a rataya masa ƙugiya, a jefa shi ruwa a riƙa janyo shi har babban kifi ya kai masa cafka. Na rubuta ƙoton roba, na soke, na sake rubutawa, amma raina bai kwanta ba.

Wani malamin Hausa, daga Bauchi:

Wa alaikumus salam. Ka yi daidai da ranka bai kwanta ba, ɗan'uwa, domin ƙoton roba ya ɗaure sunan ga abin da aka yi shi da shi, alhali kuwa ba duka ne na roba ba. Mai siffar cokali ƙarfe ne, mai farfela da ke juyawa cikin ruwa shi ma ƙarfe ne, wasu kuma da katako marar nauyi ake sassaƙa su. Lauri Rapala, masuncin ƙasar Finland wanda har yau kamfanin Rapala yake ɗauke da sunansa, ya sassaƙa nasa na farko a 1936 da ɓawon itace, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalƙyali, bayan ya lura cewa manyan kifaye sun fi kai wa ƙaramin kifin da ke tangaɗi hari. Idan muka ce roba, ranar da yaro ya shiga kasuwa aka miƙo masa na ƙarfe zai ce ba shi aka aike shi saye ba.

Wani ɗan masunci, daga Dadin Kowa:

Malam, na karanta wa mahaifina wannan muhawara, shi kuwa tun kafin a kammala madatsar a 1984 yake su a kogin Gongola. Ya ce matsalar ba ta roba ba ce kaɗai, kalmar ƙoto ce kanta ba ta zauna ba. Ƙoto a wurin masunci abinci ne: tana, gara, hanjin kaza, curin tuwo, har gutsuren sabulu da ake sa wa tarwaɗa. Za ka soka shi a ƙugiya, ka jefa, ka kafe sanda a bakin gaɓa ka zauna, ƙamshinsa ne yake yi maka aiki. Tarwaɗa da ramboshi da kurungu da gashin bakinsu suke laluben abinci a ƙasan ruwa, ko cikin dare ko cikin ruwa mai laka, shi ya sa ƙoto yake cin su. Wannan abin kuwa idan ka jefa shi ka zauna, ko kwana za ka yi babu abin da zai taɓa shi, sai dai ya maƙale a saiwa ka yi asararsa. Rayuwarsa duka a hannun mai sanda take: ka janyo, ka ɗan tsaya, ka fizga kaɗan, ka sake janyowa, har ya yi kama da ɗan kifin da ya ji rauni. Kifayen da ke farauta ne suke faɗa masa, irin su giwan ruwa da tsage da tufi. Saboda haka Baba ya ce a nemi suna daga aikin abin, kada a raɓa shi da abinci.

Wani mai bibiya, daga Azare:

Me zai hana a ce ƙoton bogi, ko kuma tarkon kifi, tunda kowa zai gane?

Malamin Hausa:

Bogi a kunnen mutanenmu yana nufin kayan jabu da aka cuci mai saye da su, kuma babu ɗan kasuwar da zai yarda a kira hajarsa haka. Tarko kuwa ya riga ya sami masu shi, domin gura da ire-irenta su ne tarkon kifi. Amma maganar Baba ta buɗe mini ƙofa, a gaishe shi da kyau. Hausa tana da tsohuwar hanya ta raɗa wa abu suna da aikinsa, a haɗa aikatau da abin da aikin ya faɗa wa: dafa-duka, hana-salla, ɓata-gari, da ruɗa-kuyangi, wato jan hasken nan na yamma da ke sa a zaci rana ba ta kusa faɗuwa ba. A kan wannan ƙira nake ba da shawarar ruɗa-kifi. Bai ambaci roba ko ƙarfe ba, bai yi alkawarin abinci ba, kuma ya faɗi gaskiyar abin, domin ta hanya biyu yake ruɗin. Yana ruɗin ido da ƙyalƙyali da launi, yana kuma ruɗin wani layi da ke gefen jikin kifi tun daga kai har wutsiya, wanda da shi yake jin motsin ruwa ko bai ga komai ba. Wannan ne dalilin da ya sa da damina, lokacin da ruwa ya yi jawur da laka, mai farfela ko mai ƙararrawa a ciki ya fi amfani, da rani kuma idan ruwa ya kwanta ya yi garau sai a koma ga mai launin ƙananan kifayen wurin.

Ɗan masunci:

Baba ya amsa gaisuwa, ya kuma yi dariya, amma ya kawo ƙorafi guda. Ya ce wanda bai san abin ba zai iya zaton magimfa ake nufi, ko maganin ƙwari da wasu marasa tsoron Allah suke zubawa a ruwa kifi ya taso yana juyi, kuma ba ya son a ba wannan mugun aiki suna mai daɗi.

Malamin Hausa:

Ƙorafin yana da nauyi, sai dai magimfa tana da sunanta tun kaka da kakanni, kuma abin da take yi wa kifi bugarwa ne da kisa, babba da ƙarami, ba ruɗi ba. Wanda aka ruɗa yana cikin hayyacinsa, shi ya kawo kansa. Kuma jimla tana raba gardama, domin babu wanda zai ji an ce "ɗaura ruɗa-kifi a bakin zare" ya yi tunanin guba.

Mai tambaya:

Na gwada shi a cikin rubutun, Malam, kuma ya zauna ba tare da na tura shi ba: ruɗa-kifi mai cokali, ruɗa-kifi mai farfela, ruɗa-kifi mai leɓe wanda yake nutsewa idan an ja shi, da ruɗa-kifi mai taushi. Jam'insa ma ba ya bukatar wahala, sai a ce ruɗa-kifi uku. Har na rubuta da shi darasin da na koya da kuɗina. Na taɓa ɗaura sabon ruɗa-kifi mai cokali kai tsaye a zaren lailon, jifa ta uku na ji an doki sandar kamar an fizge ta daga hannuna, kafin in taɓa birki zaren ya dawo fayau, bakinsa a yanke kamar da reza. Tsage ne, kuma haƙoransa ba sa barin lailon, don haka na rubuta cewa duk mai neman tsage ya sa siririyar waya kamar taƙi ɗaya tsakanin zare da ruɗa-kifi. Na ƙara da cewa lambar da ke jikin kwalin zare nauyin da yake ɗauka ce kafin ya tsinke, kuma idan da fam aka rubuta, fam 20 kusan kilo 9 ne, sannan lailon yana ruɓewa idan aka bar shi a rana. Ga mai neman karfasa kuwa na ce ya bar ruɗa-kifi a gida, ya haƙa tana, ya zaɓi ƙaramar ƙugiya da siririn zare, domin a ruwan rani kifi na ganinka mai jar koma.

Ɗan masunci:

Baba ya ce ya yarda a rubuta ruɗa-kifi, amma da sharaɗin a gaya wa yaran su riƙa cire shi daga bakin kifi da filaya, saboda ƙugiyarsa mai baki uku ce, kuma ya taɓa ganin giwan ruwa ta girgiza kai a cikin kwalekwale ta bar biyu daga ciki a tafin hannun mutum.