Neman shawara kan riƙe mai karatu a tsakiyar maƙalar tarihi

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malamai da marubutan da suka ƙware a rubutun zube, domin na cije a wata maƙala da nake rubutawa kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda nake fatan matasa masu karatu a waya su bi ta har ƙarshe.

Farkon bai ba ni wahala ba, domin hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804 labari ne mai jan hankali da kansa. Matsalar tana somawa ne bayan yaƙin Tabkin Kwatto, inda sunayen sarakuna da garuruwa da masu tuta suke cunkushewa har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808, kuma waɗanda suka duba mini rubutun sun ce a nan ne hankalinsu yake gushewa. Idan na rage sunayen, sai in ga na tauye haƙƙin mutane irin su Malam Abdullahi da Muhammadu Bello, abin da zuciyata ba ta yarda da shi ba. Idan na mayar da su kuma, sai rubutun ya koma jerin shekaru kamar na mai shirin jarrabawa.

Shin ya fi dacewa in bi mutum ɗaya, misali Muhammadu Bello, sauran su bayyana ta wurinsa, ko kuwa in raba maƙalar bisa wuraren da abubuwan suka faru? Kuma yaya ake sanya shekarun ba tare da sun katse labarin ba? Allah ya saka da alheri.