Ƙwayar Gishiri ce ko Ƙarya? Muhawara Kan 'Yan Tirayatlon da Gwaji Ke Kamawa

Mai Keke: Jama'a, ni dai na gaji da wannan tatsuniya. Duk ɗan wasan da aka samu ƙwayar ƙara kuzari a fitsarinsa, kafin gari ya waye lauyansa ya fito ya ce ai garin furotin ɗinsa ne ya gurɓata, ko ƙwayar gishirinsa, ko naman da ya ci. A tirayatlon abin ya fi ba ni haushi. Mutumin da zai yi ninƙaya kilomita 3.8, ya hau keke kilomita 180, ya sauka ya zuba gudun kilomita 42.2 a yini guda, shinkafarsa ma sai ya auna ta kafin ya ci. Shi ne za a ce bai san abin da ya haɗiya ba? Duk wanda ya kawo uzurin gurɓata, ƙarya yake shirgawa. Na fi ganin girman Collin Chartier, Ba'amurken da ya ci gasar PTO US Open a Dallas a 2022 ya kwashi dala 100,000. Da aka kama shi da haramtaccen sinadarin EPO a farkon 2023, cewa ya yi shi ya yi wa kansa allura, kuma ba zai laɓe bayan wani abinci ba. Shekara uku aka ba shi, ya karɓa ya tafi.

Anti Kyamis: Ƙanena, "duk" ɗin nan taka ta yi faɗi. Ka haɗa awaki da tumaki a garke ɗaya. EPO allura ce mai sa jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, a firji ake ajiye ta, ba ta faɗawa cikin gwangwanin furotin bisa kuskure. Shi ya sa Nina Kraft ta Jamus, da aka kama ta bayan ta ci Ironman na Hawai, gasar duniya ta tirayatlon mai dogon zango, a 2004, ba ta wahalar da kowa ba, ta amsa. Chartier ma ko ya so laɓewa, ina maɓoyar take? Amma sinadarai irin su ostarine labarinsu daban. Gari ne, kuma masu haɗa kayan gina jiki na sayar da shi duk da babu hukumar magunguna da ta yarda ɗan Adam ya sha. Kun san idan ka kai markaɗen wake inji bayan wata ta markaɗa attaruhu, ƙosanka sai ya yi yaji ko ba ka sa ba. Haka masana'antar take. Injin da ya cika kwanson ostarine da safe shi zai cika na gishiri da rana, in ba a wanke shi da kyau ba shi ke nan. Na'urorin gwajin yanzu kuwa suna ganin abin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na giram ba a ɗan fitsari kaɗan.

Mai Keke: Anti, wannan ai zato ne. Ina shaida?

Anti Kyamis: Ga ta. Ɗakin gwaje-gwajen da ke Kolon a Jamus, da kuɗin Kwamitin Olamfik na duniya, ya sayi kayan ƙarin abinci iri 634 daga ƙasashe 13 tsakanin 2000 da 2001. Guda 94 na ɗauke da sinadaran da aka haramta wa 'yan wasa, kuma ba a rubuta su a jikin kwalbar ba. Kusan kashi 15 cikin ɗari ke nan. A Amurka, inda akasarin kayan nan ke fitowa, dokar 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya nemi amincewar FDA, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, kafin ya kai irin waɗannan kaya kasuwa ba. Sai ɓarna ta bayyana ake bin sawu.

Barista: Bari in sa baki, don na ga kamar Malam Mai Keke na ɗauka cewa da ka ce "gurɓata" sai a sallame ka. Ba haka dokar WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, take ba. Ƙa'idar farko ita ce duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa, da saninka ko babu. Hukumar ba ta da nauyin nuna cewa ka yi niyya. Ga sinadari irin ostarine, hukuncin yana farawa ne daga shekara huɗu. In ka gamsar da su cewa ba da gangan ba ne, ya sauko biyu. In ka nuna takamaiman kwalbar da abin ya fito, kuma ka nuna sakacinka bai yi yawa ba, sai a yanke tsakanin jan kunne da shekara biyu. Nasarar da ka samu a gasar da aka gwada ka kuwa ta tafi, ko waliyyi ne kai. Saboda haka uzurin ba ƙofar fita ba ne, ragin kwanaki ne, kuma kai za ka ɗauko hujjar a kanka.

Baba Koci: Madalla da Barista. Ni misali ɗaya zan ba ku, ku auna da kanku. Shekarar 2016, 'yan Amurka mata biyu, sinadari ɗaya. Beth Gerdes, wadda aka fi sani yanzu da Beth McKenzie, ta ci Ironman na Ostireliya a watan Mayu, aka samu ostarine a fitsarinta. Lauren Barnett ta yi gasar rabin Ironman a Racine ta Amurka a watan Yuli, ita ma ostarine. Kowaccensu ta ce ƙwayar gishiri take zargi, irin wadda suke haɗiya a kan keke don mayar da abin da gumi ya kwashe. Barnett ta miƙa kwalbarta, aka gwada, aka samu. Aka nemo wata kwalba a rufe da ba a taɓa buɗewa ba daga rukuni ɗaya, ita ma aka samu. Wata shida aka ba ta. McKenzie ta aika nata kayan gwaji, ba a samu sakamakon da zai tsaya a gaban hukuma ba. Shekara biyu, kuma kofin Ostireliya ya tafi. To ɗana Mai Keke, a cikin biyun wacce ce maƙaryaciyar?

Mai Keke: Baba, da girmanka, amma ai ka ba ni makami. Wadda ta kawo hujja an rage mata, wadda ba ta kawo ba an ba ta nata. Tsari ya yi aiki. Sannan ku daina ruɗa mu da maganar "ɗan mitsitsi ne aka samu". Wanda ya sha ƙwaya makonni kafin gasa ya daina, ranar gwaji ɗan mitsitsin ne zai rage a jikinsa. Fitsari ba ya faɗin ko wutsiyar babban sha ce ko kan ƙaramin kuskure. Kuma me zai hana mai wayo ya buɗe kwalbarsa ya barbaɗa garin a ciki bayan an kama shi?

Anti Kyamis: Maganar wutsiya gaskiyarka ce, kuma ita ce ta sa shari'o'in nan ke da wuya. Amma ta barbaɗawa, ai saboda ita ake neman kwalba rufaffiya mai lambar rukuni ɗaya, wadda ba ta taɓa shiga hannun ɗan wasan ba. Ka ce duk ƙarya ne. Kwalbar Barnett rufaffiya ta rushe "duk" ɗinka, sai dai ka nemo wata kalmar.

Ɗan Juve: Ni ban san keke ba, ban san ninƙaya ba, amma na san Pogba. Shekara huɗu aka fara ba shi kan haramtaccen sinadarin DHEA, ya ce wani likita ne a Florida ya ba shi ƙarin abinci, kotun wasanni ta Lozan ta mayar da shi wata 18 a 2024. Onana ma ya ce ƙwayar matarsa ya sha a zaton maganin ciwon kai, aka rage masa daga wata 12 zuwa 9. Masu kuɗi dai ba sa kwana a rana.

Barista: Ɗan Juve, cikin raha ka taɓo inda ya fi damuna. Ku dubi abin da ake buƙata kafin a yarda da kai. Dole ka tuna duk abin da ka haɗiya makonni kafin gwaji, alhali sanarwar kan zo ne bayan ka shanye kwalbar ka jefar. Dole ka biya ɗakin gwaje-gwaje kuɗin kowane kaya ɗaya bayan ɗaya. Dole ka samo rufaffiyar kwalba daga rukunin da wataƙila ya ƙare a kasuwa. Ga lauya, ga masanin sinadarai da zai tsaya maka. Kuma gurɓata ba ta rabuwa daidai, kwanso ɗaya na iya ɗauka, na kusa da shi bai ɗauka ba. Abin da shari'ar ke aunawa a zahiri shi ne wa ya iya kawo kwalba, ba wa ya faɗi gaskiya ba. Mai gaskiya marar kuɗi zai sha shekara huɗu cur. Mai laifi mai kuɗi yana da damar ya yi ta aika kaya gwaji har Allah ya haɗa shi da gurɓatacce. Tirayatlon ba ƙwallon ƙafa ba ce, in ka cire manyan 'yan kaɗan, sauran da ƙyar suke biyan kuɗin jirgi da na keken.

Hajiya Uwar Biyu: Duk na ji ku, amma ba wanda ya ambaci wadda ta zo ta biyu. A 2004 Natascha Badmann ta Suwizalan aka miƙa wa kambun Hawai bayan an tsige Kraft. Kambun ya zo, amma ranar da jama'a ke tafi a bakin layi wata ce ta sha ta, kuma ba a maimaita wannan rana. Ni ko gurɓata ce ta gaske, sinadarin ai ya shiga jiki. Ban ce a kira mutum ɓarawo ba, amma kada a ce min ba wanda aka cuta.

Baba Koci: Hajiya, shi ya sa ake karɓe nasarar ko da an yarda kuskure ne, kuma ban taɓa jin haushin wannan ba. Inda nake tsayawa tsakanin ku shi ne, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanoni na da laifi, amma 'yan wasan ma sun cika kwaɗayin kwalabe. Akwai shirye-shirye irin Informed Sport da NSF Certified for Sport da ke gwada kaya su buga tambari. Ɗan wasan da ya san abincinsa na wannan sana'a, ba ya sayen abin da ba shi da tambarin, yana rubuta lambar rukuni, yana ajiye 'yan ƙwayoyi daga kowace kwalba a leda da kwanan wata. Tambarin ba ya kawar da haɗari gaba ɗaya, yana dai rage shi sosai. Gishirin kansa ba wasa ba ne, a zafin Kona, inda ake Ironman na Hawai, mutum na iya zubewa in ya yi ta ɗirkar ruwa babu gishiri. Amma sauran tarkacen masu sunan "ƙona kitse" da "farfaɗo da tsoka", yawancinsu kuɗi kawai suke ci.

Mai Keke: To ku zo ku kare min ta baya-bayan nan. Imogen Simmonds ta Suwizalan, an samu ligandrol, ɗan uwan ostarine, a jikinta a Disambar 2024, dab da gasar duniya ta rabin Ironman a Taupo ta New Zealand. Ba kwalba ta ɗora wa laifi ba, cewa ta yi abokin zamanta ne ke shan abin ba da saninta ba, ta ɗauka daga jikinsa. Hukumar ITA mai gwada 'yan wasa ta yarda, a ƙarshe ba ta yanke mata hukuncin dakatarwa ba. Yau gishiri, gobe nama, jibi miji. Wata rana iska za a ce.

Hajiya Uwar Biyu: A dai tausasa harshe, akwai yara a nan.

Anti Kyamis: Ba da baki kawai ta faɗa ba. Ta kawo gwajin gashi, nata bai nuna komai ba, nasa ya nuna. Gashi na riƙe tarihin watanni, don haka yana taimakawa wajen raba mai sha kullum da wanda abin ya shafa sau ɗaya, ko da yake shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Kuma ka lura, gwajin gashin ma kuɗi ne. Mun koma kan maganar Barista.

Barista: Akwai wani abin lura a nan. Dokar ta fito fili ta ce gurɓataccen ƙarin abinci ba ya sa a ce mutum ba shi da laifi kwata-kwata, don an sha gargaɗin 'yan wasa a kansa. Ɗauka daga jikin wani kuwa na iya kaiwa ga wankewa gaba ɗaya. Duk lauyan da ya san aikinsa ya san wace ƙofa ta fi faɗi. Ban ce Simmonds ta yi ƙarya ba, hujjarta ta gamsar da masu hukunci. Na dai ce tsarin da kansa yana koya wa mutane labarin da ya fi riba.

Mai Keke: Yauwa, ashe kana tare da ni.

Barista: Ba na tare da kai. Kai ka ce duk ƙarya ne. Ni na ce ba mu da ma'aunin da zai raba mana su, sai aljihu.

Baba Koci: Ɗana, har yanzu ba ka amsa min ba. McKenzie maƙaryaciya ce ko marar sa'a?

Mai Keke: Baba, ba ni zan shiga zuciyarta ba. Barnett na cire ta, kwalba ta yi magana. McKenzie kuwa shekara biyun ta yi daidai, don in aka fara rage wa mutum hukunci kan "na rantse" ba tare da kwalba ba, gobe kowane mai allura zai rantse.

Anti Kyamis: Daga huɗu aka mayar da ita biyu, kuma biyu ita ce ta wanda ba a ɗauka ya yi da gangan ba. Ke nan su kansu masu hukuncin ba su kira ta maƙaryaciya ba, amma duk da haka ta rasa kofi da kakar wasa biyu. In wannan ne daidai a wurinka, to ka faɗi haka, kada ka ce ƙarya take.