Neman kalmar Hausa: me za mu kira "tefirokoronoloji"?

1. Jama'a, ɗalibanmu na Jami'ar Abdou Moumouni a nan Yamai suna cin karo da wannan kalma a darasin ilimin ƙasa, kuma ba ta da suna a Hausa. Tefira toka ce da Girkanci, fannin kuwa na gano shekarun abubuwa ne da tokar dutse mai aman wuta. Wani masani ɗan Aisilan, Sigurdur Thorarinsson, ya raɗa wa fannin suna a 1944.

2. Ga yadda abin yake. Dutse mai aman wuta ya fashe, iska ta kwashi tokarsa ta shimfiɗa a ƙasashe masu nisa cikin 'yan kwanaki. Tokar kowane amai tana da nata sinadarin da ake gane ta da shi. In an san shekarun aman, duk abin da aka tono ƙarƙashin shimfiɗar ya girme shi, na samanta kuwa ya zo bayansa. Kamar dai yadda tsofaffinmu ke cewa an haifi wane shekarar da fara ta ci hatsi.

3. Da toka aka san sawun ƙafafun mutanen farko na Laetoli a Tanzaniya, da aka gano a 1978, sun kai shekara miliyan 3.6. Tokar dutsen Toba na Sumatara, da ya fashe kimanin shekara 74,000 da suka wuce, an same ta har cikin laƙar tafkin Malawi. Amma awon kabon 14, wata hanyar gano shekarun abubuwa irin su ƙasusuwa, wanda aka yi wa kaburburan Gobero a Tenere, ba ya wuce wajen shekara 50,000.

4. An ba da shawarar "tarihin toka". Bai kwanta mini ba, don ba labarin tokar ake nema ba, ita ce ma'aunin.

5. Wani dattijo daga Tawa ya ce a sa "habɗi". Baba, Allah shi ƙara girma, amma habɗi murhu yake tunowa. Wannan kuwa ba itace ya ƙone ba, dutse ne da gilashi suka niƙe. Shi ya sa dole "dutse" ya fito cikin sunan.

6. Ni na tsaya a kan "awon zamani da tokar dutse". Yana da tsawo, amma mai sauraron rediyo a Bouza zai gane shi. A gwada: "An san shekarun ƙasusuwan ta hanyar awon zamani da tokar dutse." Mai gajeren da bai zubar da ma'ana ba, ya kawo.